Fiyano ƙirar Ingila: in karɓi tsohon ko in nemi wani?

Maman Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Malamar Hanifa ta ce lokaci ya yi da za a nema mata fiyano na gaske. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu nan Landan za ta ba mu nata kyauta, ƙirar kamfanin Broadwood ne, kuɗin ɗauka kawai za mu biya. In karɓa?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Suna kam akwai shi, tun 1728 gidan yake, su ne suka aika wa shahararren makaɗin nan Bajamushe, Beethoven, fiyano kyauta. Amma shekarun wannan nawa? Ɗaga murfin sama ki leƙa. In kin ga siraran wayoyi a tsaitsaye gaban ƙananan gudumomin da ke bugun wayoyin sauti, kamar kejin tsuntsu, tsohon yayi ne, masu saita sautin fiyano da yawa ba sa son taɓa shi.

Anti Ladi: Ƙanwata, nemi ƙirar kamfanin Knight, musamman samfurin K10. Shekara 12 ke nan nawa yana falo, yara uku sun dake shi son ransu, sau ɗaya kawai ake saita shi a shekara. Welmar ma lafiya lau. Danemann kuwa na makarantu ne, ba shi da kyan gani amma akwai juriya.

Baban Sadik: Ki ƙara da Kemble, Anti. Yamaha ne suka riƙe masana'antarsu ta Milton Keynes har aka rufe ta a 2009, na ƙarshe-ƙarshen ba su tsufa ba.

Kawu Bulus: Ni nawa gargaɗi ne. Bushewa ke kashe fiyano. Wayoyinsa sun haura 200, jan da suke yi ya kusa tan 20, kuma katako ne ke riƙe ƙusoshin da aka naɗe su a kai. Na taɓa tura wani tsoho gida Jos don cocinmu. Hunturu biyu kacal katakon ya saki, yau a saita, jibi ya sauka. Hitar gidajen nan ma haka take yi a hankali, kada ki jingina shi da ita.

Maman Hanifa: Na leƙa yanzu. Kejin tsuntsun yana nan, madannai 85 ne ba 88 ba irin na zamani, kuma asu ya ci ulun gudumomin. Ikon Allah!

Anti Ladi: To ki yi mata godiya, ki ce matakalar benenku ta yi ƙunci. Ranar Asabar ku zo da Hanifa ta gwada nawa. Duk wanda kuka gani kuma, ku tafi da mai saiti kafin ku biya.