Ƙurajen Iya da ƙarambau ɗin Habu, ciwo ɗaya ne?

Maman Habu, Garin Malam: Salamu alaikum. Sati biyu da suka wuce wasu ƙuraje masu ruwa suka fito wa surukata a haƙarƙarin dama kaɗai, sun jeru kamar ɗamara, ko zane ba ta iya ɗaurawa don zugi. Lokotoro ya ce zona ne. Jiya kuma Habu, ɗan shekara 4 da ke kwana ɗakinta, ya tashi da zazzaɓi, ƙarambau ya feso masa har cikin gashin kai. Wai daga wurinta ya ɗauka? Ni kuwa ina da cikin wata 6, hankalina bai kwanta ba.

Malam na Birni: Wa alaikumus salam. Ƙwayar cutar ɗaya ce. Wanda ya yi ƙarambau yana yaro, takan laɓe cikin jijiyoyinsa, sai tsufa ya zo ta farka ta fito gefe guda. Ruwan ƙurjin Iya kan sa wa yaro ƙarambau, kuma yakan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ya bayyana. Lissafinki ya yi daidai.

Ungozoma, Zengo: Ƙanwata, ke na fi ji. In ba ki taɓa yin ƙarambau ba, ki je likita yau, kada ki jira ranar awo. Habu kuma farasitamol kawai, ban da asfirin.

Hajiya Babba: Ki yanke masa farce, 'yar nan. Tabon goshina susa ce ta bar mini shi. Kar ya fita wasa sai duk sun bushe. Allah ya ba su lafiya, ya sauke ki lafiya.