Neman kalma: yaya za a ce "informed consent" da Hausa?

Hadiza: Salamu alaikum. Jibi zan miƙa fassarar takardar da za a karanta wa mata 'yan gudun hijira kafin a yi musu tambayoyi kan zaman sansani. Kanun takardar ne ya cije mini: "informed consent", wato mutum ya yarda da kansa bayan an bayyana masa abin da za a yi. Yawancinsu da kunne za su ji.

Malam Sani: Amincewa bisa sani.

Bala: Izini kawai.

Hadiza: Izini ba zai yi ba, Malam Bala. Da sun ji, za su ce ai shugaban sansani ko maigida ya riga ya bayar. Bakin matar ake nema.

Hajiya Rabi: "Na ji na gani" fa? Kowace tsohuwa ta san shi.

Malam Sani: Yana da daɗi, Hajiya, amma ɗaure mutum yake yi. Wadda ta ce ta ji ta gani ba ta da bakin janyewa, ita kuwa wannan tana da damar tashi ana tsakiyar hira.

Kabiru: Na daɗe ina cewa "yarjesani". Amincewa da izini duk asalinsu Larabci ne. Sai yaushe za mu daina aro?

Mamman: Kabiru, to mu zubar da "littafi" da "ilimi" ke nan? A Damagaram ba wanda zai gane yarjesaninka. Ku a Kano kuke ƙera kalma, sannan ku ce ita ce Hausa.

Kabiru: Daidaitacciyar Hausa dai a kan karin Kano aka gina ta.

Hajiya Rabi: Ku bar wannan, don Allah. A Kanon ne a 1996, lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ba ne. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75, kuma da aka ƙi rigakafin shan-inna a 2003 an yi ta tuna maganar. Kalmar da uwa ba ta gane ba, ba ta kare kowa.

Hadiza: Na gode. Zan sa "yarda bayan cikakken bayani", a ƙasa in rubuta: "Ba dole, kina iya tsayawa duk lokacin da kika so, kuma ƙin amsawa ba zai taɓa rabonki na abinci ba."

Kabiru: Wannan jimla ce, ba kalma ba. Ki miƙa hakan saboda jibi, amma ban janye tawa ba.