Abin da muka tsinta daga hirarmu kan fayafayan kiɗan Turai na da

Mun yi hira kan fayafayan da ya kamata mutum ya saurara. Ga abin da na tattaro daga bakin jama'a:

1. Kusan kowa ya yarda sabon shiga ya fara da babban kiɗa na biyar na Beethoven, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, faifan da Carlos Kleiber ya jagoranci makaɗan birnin Vienna a 1974.

2. Inda aka fi ja-in-ja shi ne kan Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada. Sau biyu ya ɗauki Goldberg Variations, wani dogon kiɗa na Bach (shi ma mai tsara kiɗa ne ɗan Jamus), a situdiyo, 1955 da 1981. Masu son na farko sun ce akwai zafin ƙuruciya, cikin minti 39 ya gama. Masu son na biyu, har da ni, natsuwarsa ce ta kama mu, ya haura minti 50. In ka kasa kunne za ka ji shi yana gunguni a ƙarƙashin kiɗan. Wasu abin na damunsu, ni kuwa yana taɓa mini zuciya.

3. Kada shuu ɗin tsohon faifai ya kore ka daga Pablo Casals, makaɗin babban goge (cello), wanda ya ɗauki kiɗan Bach na babban goge tsakanin 1936 da 1939.

4. A saurara da dare, a ajiye waya gefe.