Shirin farautar barewa da baka mai faifai: gogewar 'yan'uwa mazauna Amurka

Mai buɗe zance, daga Ohio:
Assalamu alaikum. A nan Ohio ana buɗe farautar barewa da baka a ƙarshen Satumba, ba a rufewa sai farkon Fabrairu, kuma bana ne zan fara fita. Na yanki lasisi, na sayi baka irin na zamani mai faifai a kowane kai, wanda mai shago ya saita mini nauyin jansa a kan laba 60. Kakana maharbi ne a ƙasar Zazzau, amma bakansa na itace ne, kibansa kuma masu dafi, irin kiban da dokar wannan jiha ta hana. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini yadda suka yi nasu shirin.

Daga Minnesota:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara duba nauyin jan. Aikin faifan nan, tun da Holless Wilbur Allen na Missouri ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1969, shi ne su sauke maka mafi yawan nauyin bayan ka kai tsirkiya ƙarshe, har ka iya riƙewa kana auna dabba a natse. Sai dai kafin ka kai wurin, dole ka ja laba 60 ɗin da ƙarfin kafaɗarka. Ni na yi atisaye duk watan Agusta da 'yar riga ba tare da matsala ba, amma wata safiya a Nuwamba, bayan na shafe sa'a uku a zaune cikin sanyi da rigunan ɗumi masu kauri, barewa ta zo kusa, na ja baka ya ƙi zuwa, motsin da na yi kuma ya kore ta. Daga nan na sauke zuwa laba 50. Gwajin da nake yi yanzu shi ne in zauna a kujera in ja a hankali ba tare da na ɗaga baka sama ba. Dokar jiharku laba 40 ta sa a matsayin mafi ƙaranci, saboda haka kana da sarari.

Daga Michigan:
Namu lokacin yana farawa ranar 1 ga Oktoba, ni kuwa tun Yuli nake kai bakana a duba tsirkiya, domin sabuwa tana ɗan miƙewa, saiti ya goce. Ka riƙa shafa mata kaki, kuma kada ka yarda wani ya ja ya saki babu kibiya, don hakan yana iya fasa bakan. Abu na biyu: kan kibiyar atisaye daban yake da mai kaifi na farauta. Shekarar da na fara sauya kai, kibauna sun koma sauka hagu da kusan taƙi guda a yadi 30, sai da aka gyara mazaunin kibiyar suka daidaita.

Dattijo, daga Pennsylvania:
Yarana, duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma bari in tsaya a kan nisa da kaifi, domin nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Na harbi barewa daga kan dandamalin bishiya a nisan da ya kai yadi 40. Ta ji ƙarar tsirkiya ta durƙusa don ta zabura, kibiyar ta same ta can baya maimakon bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke. Na bi sawun jini da fitila har tsakar dare, na dawo da asuba, ban same ta ba. Dabbar ta sha wahala, naman ya tafi a banza, kuma ni na jawo. Tun daga ranar ba na wuce yadi 25, kuma ina yin atisaye daga sama, da ɗamarar tsaro a jikina, ina lanƙwasawa daga ƙugu, saboda harbi daga bishiya ba ɗaya yake da harbi a tsaye a ƙasa ba.

Game da kaifi, ku tuna hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim: abin da makami ya huda da kaifinsa a ci, abin da ya buge da faɗinsa ya mutu kada a ci. Ina wasa kan kibiyata har ya iya aske gashin hannu, ina yin bisimilla lokacin saki, idan kuma na tarar da ita da sauran rai sai in yanka nan take. Wuƙa ba ta barin ƙuguna.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka da alheri, Baba, ya kuma yafe mana. Gobe zan koma shago a sauke mini zuwa laba 50, in sayo kawunan kibiya masu kaifi guda shida, uku na gwaji uku na daji. Maƙwabcina ya yarda in kafa dandamali a bishiyar bayan gonarsa, kuma na auna yadi 20 daga gindinta na kafa turke.