Ɗan SS3 mai shirin JAMB, a bar shi a shago ko a cire shi?

Baban Yara, Unguwar Rogo:
Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Babban ɗana shekararsa 17, tun yana JSS yake zuwa shagon ƙanina na gyaran waya in an tashi makaranta, yanzu hannunsa ya faɗa har sikirin yana canjawa shi kaɗai. To uwarsa ta ce atafau sai ya daina, wai ga WAEC ga NECO ga JAMB, kuma likitanci yake so a Unijos. Mu a shekarunsa sammako muke yi kasuwar Farin Gada mu sauke buhunan kabeji da karas kafin mu wuce makaranta. Yanzu yaran layinmu daga makaranta sai lesin, ko kuɗin data sai sun miƙa hannu, abin yana damuna wlh.

Malamar Kimiyya:
Baban Yara, maman yaron tana da gaskiya fa. JAMB maki 400 ne, darasi huɗu, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yi, mai son likitanci Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks zai zana, ga kiredit biyar dole har da lissafi, kuma cin jarabawar da ƙyar ba ya kai mutum ajin likitoci saboda masu nema sun fi gurbin yawa nesa ba kusa ba. Ina ganinsu a aji, yaron da ya kai tara na dare a shago da safe gyangyaɗi yake yi. Ku ɗaga masa ƙafa na ƴan watannin nan.

Tela Ɗan Gangare:
Baba kar ku raba shi da shagon gaba ɗaya don Allah. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas muka yi a gida, abokaina da ba su iya komai ba majalisa suka koma, ni keken ɗinki ya rufa min asiri, da shi na biya kuɗin makaranta da aka koma. Kuma ko ya ci JAMB ɗin ba lallai admishan ya fito a shekarar farko ba, me zai yi da zaman jiran?

Maman Biyu:
Wai wa ya ce yara sun daina aiki? ku zaga Taminus ku ga masu zaman POS, ƴan mata ne ƙanana da yawansu, tun da aka cire tallafin mai a 2023 wasu da kansu suke tara kuɗin fom. Waɗanda suka daina ƴaƴan masu halin biyan lesin ne kawai.

Baban Yara, Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama in ya koma zuwa Asabar kaɗai daga azahar zuwa magariba har a gama jarabawa, hakan zai yi? Ina so in samu kawun nasa da maganar yau da daddare.