Taƙaitawa: zana doki mai fukafukai da tayoyi a manhajar 3D

Jama'a, ga abin da aka tattara daga tattaunawar da aka yi kan yadda za a zana dokin wasan yara mai fukafukai da tayoyi, a buga shi da na'urar 3D, wadda ke ƙera abu da narkakkiyar roba.

1. Kusan kowa ya yarda a fara zana shi a takarda, ta gaba da ta gefe, da awo a milimita.

2. A kan manhaja an rabu. Wasu sun ce Tinkercad ya wadatar. Wasu suka ce jikin doki ba zai yi sumul ba sai da Blender, amma ramin taya a yi shi a FreeCAD don awo ya zauna daidai.

3. A bar tazarar milimita 0.3 zuwa 0.4 tsakanin taya da sandarta, in ba haka ba su manne wajen bugawa, tayar ta ƙi juyawa.

4. Fukafukai ne suka fi cin lokaci. Duk inda suka karkata daga tsaye fiye da digiri 45, robar zubowa take yi kamar taliya. A buga su daban a kwance, kauri kada ya gaza milimita 2, sannan a soka su a jiki.

5. PLA, wato robar da ake bugawa da ita, na yin laushi in zafi ya kai wajen digiri 60 na Selsiyas, kada a bar shi cikin mota a rana. Wasu sun fi son PETG, wata irin robar bugawa.

6. Nan babu gardama: ɗan ƙasa da shekara uku kada a ba shi mai ƙananan sassa masu cirewa, haɗiye su zai yi.