Neman kalma: me za mu kira "upgrade" da "clean install" da Hausa?

Malamar Darasi: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis zan koyar da yadda ake sa Windows 11 a tsofaffin kwamfutocin tebur, takardar darasin kuma da Hausa ce, gobe da yamma za a kai ta bugu. Kalma biyu suka tsaya min a wuya, "upgrade" da "clean install". Ta farko na rubuta "sabuntawa", sai na tuna na riga na ba "update" wannan kalmar a shafi na 2. Ta biyu na sa "girkawa mai tsabta", da na sake karantawa sai na ji kamar darasin girki. Injinan Dell OptiPlex 7010 ne, masu processor Intel i5 zubi na 3, RAM 4GB, Windows 10 ke kansu.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malama. A shago dai "ɗora mata Windows" ake cewa ga duka biyun, nan ne ma rikicin yake, don aikin ba ɗaya ba ne. Na farko kina cikin tsohuwar Windows za ki buɗe setup.exe, fayil ɗin da ke fara girkawa, sabuwar ta hau kanta, fayiloli da manhajoji su zauna yadda suke. Tsohuwar sai ta koma cikin wata folda mai suna Windows.old, kina da kwana 10 ki janye in abin bai yi ba. Na biyu kuwa daga filas za ki tayar da injin, ki goge ɓangarorin faifai duka har ya zama fili guda, sannan ki girka. Babu abin da zai tsira sai wanda kika kwashe tun farko. Shawarata: na farko "ɗori", na biyu "girka daga tushe".

Hajiya Mai Fassara: "Ɗori" zai kai hankalin yara wajen mai gyaran karaya. Amma ginin kalmar daidai ne, ɗora, ɗori, kamar yadda ake cewa ɗorin bene. Da bayani layi ɗaya zai zauna.

Baban Nahawu: Ku tsaya tukuna. Ga kalma a gonar kakanninmu kuna ta kewaye-kewaye. SASSABE. Manomi in zai buɗe sabuwar gona sai ya sare daji, ya tara, ya ƙone, sannan ya yi shuka. To mene ne "clean install" in ba wannan ba? A rubuta "girkin sassabe", a wuce wurin.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, sassabe ya fi dacewa da gogewar kaɗai, abin da yara ke kira fomatin. Girkawar aiki ne na biyu.

Baban Nahawu: Kada ka sake rubuta min "fomatin". Wannan ba Hausa ba ce, Turanci ne aka sa wa hula. Ita ma "kwamfuta" haƙuri kawai nake da ita, muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Ɗan Kasuwar Waya: Baba, da girman kujerarka, je ka shago ka ce a yi wa na'urarka mai ƙwaƙwalwa sassabe ka ga ko yaron ba zai kira maka wani ba. Ɗaliban Malama in sun gama kwastoma za su saurara, kwastoma kuwa "a yi mata fomatin" zai ce.

Hajiya Mai Fassara: Malam, "na'ura" Larabci ce, "manhaja" ma Larabci ce, haka allo da alƙalami. Me ya sa aron Larabci yake shiga da rawani, na Turanci kuma a tsayar da shi a zaure? Mota da tebur da bokiti ai ba wanda ya kore su.

Baban Nahawu: Na Larabcin sun shekara ɗaruruwa a bakinmu, sun zama 'yan gida. Ku kuwa kunyar Hausa kuke ji, kuna ganin sai an sa Turanci za a san an yi boko. Shi ya sa takardunku rabi da rabi suke fitowa.

Ɗan Kasuwar Waya: Wanda yake jin kunyar Hausa ai ba zai ɓata darensa yana neman kalma a nan ba.

Injiniya: Malama, bari in sa baki kan injinan kafin gardama ta cinye mu, don abin ya shafi kalmar da za ki fi buƙata. 7010 ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta yarda da su. Ana son TPM 2.0 (wani guntun tsaro a cikin injin), da UEFI (sabon tsarin tayar da injin), da Intel zubi na 8 zuwa sama, da RAM 4GB, da faifai 64GB. Naki zubi na 3 ne, saboda haka in ɗalibi ya buɗe setup.exe kai tsaye za ta ce masa injin bai cika sharaɗi ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce filas mai 8GB ko fiye, a rubuta ISO ɗin (fayil ɗin girka Windows 11) a kanta da manhajar Rufus, a zaɓi GPT (sabon tsarin raba faifai), a yi alama a akwatin da ke cire binciken TPM da Secure Boot da RAM. A Dell maɓallin F2 ke kai ki BIOS, wato saitin injin na tushe, F12 ke kawo jerin abin da za a tayar daga kai. Ki zaɓi filas ɗin da aka rubuta UEFI a gabansa. In faifan MBR ne (tsohon tsarin raba faifai), kuma yawancin waɗannan tsofaffin haka suke, za ta ƙi girkawa ta ce tsarin faifan bai dace ba. Maganin shi ne a goge ɓangarorin Drive 0, wato faifan injin, ɗaya bayan ɗaya, ita da kanta za ta mayar da shi GPT. Kin ga kusan duk darasinki a kan hanya ta biyu zai tsaya.

Malamar Darasi: To ai shi ke nan, ita ce ta fi buƙatar suna mai kyau. Akwai biyu a ajin da Windows 10 ɗinsu 32-bit ce.

Injiniya: Waɗannan ma babu zancen ɗori, Windows 11 64-bit ce kawai, daga 32 zuwa 64 kuma dole a goge. Ki kuma duba ko akwai masu tsohon processor Core 2 Duo a cakuɗe, irin OptiPlex 780. Su daga fitowar Windows 11 ta 24H2 ko Rufus ba zai cece su ba, saboda ana buƙatar processor mai umarnin POPCNT da SSE4.2, su kuwa ba su da shi, injin ba zai ma tashi ba. Linux Mint Xfce ko Lubuntu, waɗanda ake sawa a madadin Windows, ya fi musu. Sauran a ƙara RAM zuwa 8GB DDR3, a sa SSD (faifan da ba ya juyawa) a madadin tsohon faifai, don da 4GB da faifai mai juyawa za ta girku amma tafiyar hawainiya za ta yi. In agogon injin yana komawa baya duk sanda aka kashe, batirin CR2032 ne ya mutu, a canja shi kafin a fara, in ba haka ba saitin BIOS zai riƙa ɓacewa. Kuma kar a fara ba UPS ko janareta a kunne.

Mai Karatu Shiru: Tambaya ɗaya. Ita kanta "girka" kun tabbata da ita? A bori ma girka ake cewa.

Hajiya Mai Fassara: Ana girka tukunya, ana girka sojoji a gari, ana girka injin niƙa. Kalmar ta fi bori faɗi, kuma masu fassarar manhajoji sun daɗe suna amfani da ita. A bar ta.

Baban Nahawu: Mu koma kan sassabe. Injiniya, ka ce gogewa ce kawai. To ina tambaya, in an yi wannan gogewar taku, bayanan sun tafi ke nan har abada?

Injiniya: A'a. Gogewar sauri teburin da ke nuna inda kowane fayil yake kawai take sharewa. A faifai mai juyawa bayanan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu, shi ya sa ake iya tono su da manhajar ceto. A SSD lamarin daban ne saboda TRIM, umarnin da ke sa faifan ya share abin da aka goge, yawanci ba sa dawowa.

Baban Nahawu: Allahu akbar. Ka ji. Sassabe ma saman ake sarewa, kututture da saiwa suna ƙasa. Kalmata ta fi taku sanin aikin.

Injiniya: Wannan kam na sallama, Malam, ta yi daidai da gogewar sauri. Amma har yanzu ba ta ɗauki girkawar ba.

Hajiya Mai Fassara: Kuma "girkin sassabe" a kunne abincin masu aikin gona ne. Sunan aikin "girkawa" ne, "girki" na madafa ne. Malama, ga yadda nake gani: update "sabuntawa", upgrade "ɗori" ko "girkawa kan tsohuwa", clean install "girkawa daga tushe". Gogewar kuma ki rubuta "goge faifai", ki faɗa musu a shago fomatin ake cewa.

Ɗan Kasuwar Waya: "Daga tushe" ta yi, ko kwastoma zai gane. "Ɗori" ce ban yarda za ta rayu ba.

Malamar Darasi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗauki "girkawa daga tushe" da "girkawa kan tsohuwa". Ɗori zan faɗe ta da baki in ga ko za ta kama. Baba, sassabe zai shiga a matsayin misali a sakin layin da ke bayanin gogewar sauri, har da kututturen. Zan kuma ƙara gargaɗi cewa tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Microsoft ba ta yi alkawarin sabuntawa ga injin da aka tsallake wa sharaɗi ba.

Baban Nahawu: Misali kawai? To. Amma "fomatin" ɗin nan a sa shi da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi.

Malamar Darasi: Za a duba, Baba. Saura "partition". Na ga Injiniya yana ta rubuta "ɓangare", ni kuma "yanki" na sa a shafi na 4.

Baban Nahawu: Kunya. Kamar kunyar gona.

Ɗan Kasuwar Waya: Malama, ki sa "ɓangare" ki je ki kwanta.